Gwangwanin Baba da Tukunyar Goro

Ni dai tun ina yarinya an san ni da abu biyu, baki da gyara. In na shiga ɗaki na ga kaya a warwatse, jikina har ƙaiƙayi yake yi, kuma wanda ya warwatsa su sai ya ji daga bakina. Rabin abin da ya kashe aurena ke nan, amma wannan wani zance ne. Na faɗa ne don a san irin matar da ta rufe shagon ɗinkinta a Aliero bayan sadakar arba'in ɗin Inna, ta hau kabu-kabu da ƙullin kayanta, ta koma Mungadi don ta riƙe wa mahaifinta gida.

Ban yi kukan Inna yadda mutane suka so ba. Ranar da aka fita da ita na ji wani abu ya daskare a ƙirjina, kuma haka ya zauna wata da watanni. Ina ci, ina sallah, ana ce min ya haƙuri ina cewa da godiya. Ba na jin komai. Aiki kawai hannuna yake nema.

Baba a lokacin ya haura saba'in. Manomi ne, dawa da gero da damina, albasa a fadama da rani, amma in ka tambayi mutanen gari ko shi wane ne, maharbi za su ce. Bindigarsa mai baki ɗaya ce, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi, kuma takardarta ta hukuma tana naɗe a leda cikin aljihun 'yar shararsa. In mugun dawa ya shiga rogon mutane, ko birai suka addabi masara, ƙofarmu ake sallama. Da wuya ya sayi sabon harsashi. Kwanson da ya harba yake tsincewa ya dawo da shi gida, ya sake cika shi da hannunsa.

Ranar Laraba da hantsi yake wannan aikin, a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaron tsakar gida. Ranar ba a hura wuta sai ya gama, kuma tun muna yara ake korarmu daga wurin, shi ya sa na girma a gidan maharbi ban san komai a kan sana'ar ba. Abu ɗaya na sani don ina jin sunansa. A gindin kowane harsashi akwai ɗan ƙarfe zagayayye, bai kai ƙwayar wake ba, wanda allurar bindiga take bugawa ya ba da wuta. Baba ido yake ce masa. Albarushi da dalma suna cikin akwatinsa a turakarsa, da makulli. Idanun kuwa ba ya yarda su kwana ɗaki ɗaya da albarushi, don haka tun aurensu suke hannun Inna, cikin wani tsohon gwangwanin alewa. In ya zauna a tabarma sai ya ɗaga murya, ita kuma ta kawo.

Yayana, wanda yake aikin gwamnati a Jega, shi ya fara tayar da maganar bindigar, ranar arba'in ɗin, bayan baƙi sun watse. Ya durƙusa ya ce, "Baba, shekaru sun ja. Ga Inna babu. Ka bar shiga dajin nan, ka ba ni bindigar in aje maka."

Baba ya dube shi. Sai ya miƙe hannunsa na dama a gaban Yaya, ya buɗe yatsun. Ko motsi ba su yi ba.

"Ka gani?" ya ce. "Randa hannun ga ya yi mani ƙarya, ni da kaina zan miƙa maka ita. Kafin nan ka bar ni da abina."

Yaya ya ce to. Ni ina bakin ƙofa ina jinsu, kuma na san abin da Baba bai faɗa ba. Matarsa ta tafi, abokansa sun ragu, albasar ma 'yan haya ke yi masa rabin aikin. Bindigar ce kaɗai ta rage da take sa mutum ya taso daga wata unguwa ya ce wurinsa ya zo.

Da na tare, sai na faɗa wa ɗakin Inna da gyara. Allah ya jiƙanta, mace ce mai tsafta, amma ajiyarta ba ta da kai ba ta da gindi. Allura a cikin kwanon sha, carbi a bakin taga, daddawa a ƙarƙashin gado. A bangon gabas, can sama, na ga wata 'yar jakar fata a rataye a ƙusa, ta yi baƙi don tsufa. Na sauke na buɗe, sai ga gwangwanin Baba. Na ce kai, Inna, wannan wace irin ajiya ce, abu a sama kamar layar ɗaki? A ƙasa kuma, bayan ƙofa, ga tukunyar goronsa, babba mai murfi, goron a lulluɓe da tsumman buhu wanda ake yayyafa wa ruwa safe da yamma don kada ya bushe. Sai na ce kayan Baba su zauna wuri ɗaya, in ya kira ba sai na yi ta dube-dube ba. Na ɗora gwangwanin a kan tsumman, na mayar da murfi. Jakar fatar na jefa ta cikin kwandon tarkace. Har daɗi na ji, irin ɗan daɗin da nake iya ji a lokacin.

Shi Baba tun ranar da aka fita da Inna bai ƙara taka ɗakin ba. In zai wuce ta ƙofar ma sai ya kau da kai. Don haka kullum Laraba sai ya kira ni, "Uwata, kawo mani gwangwanin," don sunan mahaifiyarsa aka sa min, haka yake kirana. Ni kuma in ɗaga murfin tukunya, in ɗauko, in ga ya yi ɗan gumi, in goge shi tas da bakin zanena, don ba zan miƙa wa ubana abu da danshi ba. A bushe yake isa hannunsa, yana ƙyalli.

Kamar sati uku bayan haka ya dawo daga fadama da wuri, babu komai a jakarsa. Ya zauna ya jera harsashi biyu a tabarma yana kallon gindinsu. Na kawo masa fura na ce lafiya. Ya ce zabin daji ne suka tashi a gabansa, ya ɗana kunama ya ja, sai ƙas, shiru. Ya sa na biyu, shi ma ƙas.

"Shekara nawa rabon da in ji wanga sauti," ya ce, kamar da kansa yake magana.

A ranar ya fara koya min abin da bai taɓa koya wa 'ya mace ba, ina jin don babu wanda zai faɗa wa ne. Ya ce in duba tabon da allura ta bari a kan idon. In tabon bai yi zurfi ba, laifin bindiga ne, ko allurar ta cinye ko sifirin da ke tura ta ya saki. In ido ya fito waje bai zauna daidai da gindin kwanso ba, laifin mai cikawa ne. In kuma tabo ya yi zurfi, ido ya zauna, wuta ba ta tashi ba, to idon ne matacce. Ya juya harsashin a rana, ya matso da shi kusa da fuskarsa, ya nisantar. Ya ce bai iya tantancewa, ganinsa na kusa ya ragu. Ya miƙo min. Ni da nake zura zare a allura ba tabarau, na duba na ce, "Baba, ni dai rami na gani."

Ya kuma faɗa min dokarsa. In bindiga ta ƙi tashi ba a karya ta nan take. Sai a dubar da bakinta ƙasa, a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai a natse, sannan a buɗe. Ya ce wani idon ba mutuwa ya yi ba, nauyin barci ne da shi, yana iya farkawa bayan an fid da rai. Haka ubansa ya koya masa, kuma bai taɓa tsallakewa ba.

Daga nan abin ya zama ciwo. Cikin biyar sai biyu su tashi, wani satin ɗaya. Aka zo aka kira shi kan wani mugun dawa da ya addabi rogon maƙwabcinmu, ya yi kwanto tun sassafe, dabbar ta fito fili a gabansa, ƙas. Ta ɗaga wutsiya ta shige ciyawa, mai rogon yana tsaye yana kallo. Mutumin bai yi ƙorafi ba, ya ma yi godiya. Bayan kwana biyu muka ji ya aika Kimba an kira wani maharbin.

Bindigar ya fara zargi. Ranar kasuwar Jega ya naɗe ta a buhu, na ce zan raka shi don ina son sayen zare. Muka je wurin wani tsohon maƙeri da ya daɗe yana yi masa gyara. Maƙerin ya warware ta, ya duba allura, ya gwada sifirin da babban yatsa, ya ce ƙalau take, amma tun da an zo bari ya sa sabo. Ya karɓi matattun harsasan ya duba gindinsu da kyau.

"Malam, allurarka na bugu," ya ce. "Dubi zurfin. Ruwa bai taɓa idanun ga ba?"

"Rani muke, ina ruwa?" in ji Baba.

"To ina ake aje su?"

"Inda anka saba. Shekara arba'in wuri ɗaya."

Ina tsaye a bayansa da ledar zarena. Da kunnena na ji. Wallahi ko gezau ban yi ba, don a kaina ruwa shi ne ruwan sama, ko yoyon rufi, kuma ɗakin Inna ba ya yoyo. Gwangwani ne da murfinsa, me zai same shi? Hankalina ma yana kan ko za mu samu mota kafin la'asar.

Sabon sifirin bai canza komai ba. Sai ya koma kan mai sayar masa da idanun, wani mutum a Aliero da suka yi shekaru suna hulɗa. Wannan karon ma na bi shi, na ce zan leƙa shagona. Baba bai iya faɗa ba, ni ce na iya, kuma ni na yi. Na ce wa mutumin ya ji tsoron Allah, ya daina sayar wa tsoho ruɓaɓɓen kaya, in sun kwana biyu a wurinsa ya zubar mana. Mutane suka fara taruwa, har masu ɗaura buhunan albasa a mota suka tsaya kallo. Mutumin ya kau da kai daga gare ni. Ya dubi Baba ya ce daga kwali ɗaya ya sayar wa maharba huɗu, babu wanda ya dawo, in Baba yana so su je bayan gari yanzu a gwada. Suka je. Baba ya dawo fuskarsa a ƙasa, ya ce duka ukun da aka gwada sun tashi. Ya ba mutumin haƙuri a kan bakina, ya sayi sababbi, muka dawo.

Da muka iso gida ya juye sababbin a gwangwani ya miƙo min. Na kai su tukunya.

Satin farko duk suka tashi. Ya dawo da zabi biyu, na yi miya, har ya aika wa maƙwabcin nan mai rogo da cinya. Ya ce ashe tsofaffin ne suka gaji. Sati na biyu ma lafiya. A na uku ƙas ɗin ta dawo.

Ranar ne ya tambaye ni. Ina tsugune ina wanke-wanke, raina a ɓace don itacen ɗanye ne, tun safe hayaƙi yake cin idona. Ya tsaya a kaina ya ce, a hankali, "Uwata, gwangwanin ga, yana inda uwarki ke aje shi?"

Na ɗago na ce, "Yana ɗakinta mana, Baba! Ina zan kai shi, kasuwa? Na bar shagona na zo ina bauta a gidan nan, abu kaɗan sai a ce ina kika kai, ina kika sa. In ba a yarda da ajiyata ba a shiga a duba."

Na san ba zai shiga ba. Ba don in ɓoye wani abu na faɗa ba, don ban san akwai abin ɓoyewa ba. Bakina ne kawai, ya samu inda zai sara ya sara. Baba ya dubi ƙofar ɗakin, ya kau da kai, ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Bai ƙara tambaya ba.

Wani abokinsa maharbi daga Kimba ya zo gaisuwa, ya ji labari, ya ce ai abin a fili yake, sa'ar wasu mazan a hannun matansu take, in matar ta tafi sai ta tafi da ita. Ya ce a yi sadaka. Aka yi, na soya waina aka raba wa maƙwabta. Baba bai yarda da zancen ba, na gani a fuskarsa, amma da ya yarda da ya fi masa sauƙi. An wanke bindiga, an wanke mai sayarwa, an wanke ajiya. Abu ɗaya ya rage, kuma ya sani, na sani, Yaya ma da yake bugo waya kullum Juma'a ya sani.

Sai na fara kama shi yana kallon hannunsa. Bayan sallar azahar zai zauna, ya miƙe shi a gabansa, ya buɗe yatsun, ya ƙura musu ido. Duk mai miƙe hannu haka ya daɗe, dole ya ga ya ɗan motsa. In ya ga motsin sai ya dunƙule ya sa a ƙarƙashin riga. Aikin Laraba da yake gamawa kafin rana ta take, ya koma kai shi har azahar, yana sa ido yana cirewa, yana shafa gindin kwanso da yatsa ko ya zauna. Ina ganinsa ta ƙofar madafa. Ya kamata in ji tausayi. Abin da nake ji shi ne an hana ni hura wuta, tuwo zai makara.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, da hantsi. Birai ne suka sauka a gonar wani a bakin fadama, masu ban ruwan albasa suna nan kusa, su suka ba mu labari. Ya ja, ƙas. Ya dubar da baki ƙasa, ya yi karatunsa, ya canza. Ya ja, ƙas. Ya sake karatun, ya canza. Birai suna kan reshe suna kallonsa, mutane sun bar aikinsu suna kallonsa. Ya ja na uku, ƙas. A nan ne ya yi abin da bai taɓa yi ba tun yana saurayi. Ya karya bindigar nan take, ya kai hannu zai zare harsashin, idon ya farka.

A kan kabu-kabu aka kawo shi, hannun a naɗe da rawanin wani, rawanin ya jiƙe. Ban yi ihu ba. Na ɗauko mayafi, na kulle ɗaki, na tuna ban rufe tukunyar miya ba na koma na rufe. Daga asibitin Maiyama aka ce mu wuce na Jega. Babban yatsa da manuni suka tafi, na tsakiya aka ɗinke shi. Kwana biyar muka yi. Yaya yana zuwa safe da yamma, bai ce komai a kan bindiga ba, sai ranar sallama ya ce zai zo gida Juma'a da sauran 'yan'uwa a zauna. Baba ya ce Allah ya kai mu.

Ranar Alhamis aka yi rasuwa a bayan layinmu. Na ba shi koko da safe, na ce zan shiga gaisuwa in dawo. Kun san zaman makoki na mata, ba a tashi da wuri. Na manta ban fitar masa da goro ba, shi kuwa mutum ne da in hantsi ya yi bai ci goro ba kansa ke ciwo. Sai kusan azahar na dawo. Na same shi a ƙarƙashin dogon yaro, hannun a kan cinya, yana tauna a hankali. Ban kawo komai a raina ba, na wuce ɗakin Inna in aje mayafi.

Murfin tukunyar goro yana gefe, ba a mayar da shi daidai ba. Kwandon tarkace an jawo shi tsakiyar ɗaki. Na ɗaga kai. A bangon gabas, a kan ƙusar nan, jakar fata tana rataye, kuma daga yadda ta yi nauyi na san abin da ke ciki.

Na durƙusa na sa hannu a tukunyar. Tsumman a jiƙe yake sharkaf, ni na yayyafa masa ruwa da asuba. A tsakiyarsa ga zagayen gindin gwangwani ya fito, da tsatsa ja. Na taɓa wurin, na dubi yatsuna. Sai maganar maƙerin Jega ta dawo min ɗaya bayan ɗaya, da tambayar da Baba ya yi min a wurin wanke-wanke, da amsar da na ba shi. Na tuna sau nawa na goge gumin gwangwanin da bakin zanena. Na zauna a ƙasa. Ina jiran kuka ya zo, ko jiri, ko wani abu, ba abin da ya zo. Na ji ana kiran sallah, na tashi na yi alwala.

Duk yinin ranar muna gida ɗaya. Na kai masa tuwo, na yanka masa loma-loma don hagu bai saba ba. Sau uku na buɗe baki. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba, ni da na tara wa bawan Allah jama'a a kasuwar Aliero a kan laifin da yake cikin tukunyata. Ya ci, ya yi hamdala, ya tambaye ni ko an samu jama'a a gidan rasuwar.

Juma'a bayan masallaci suka zo, Yaya da ƙannena maza biyu. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a daidai inda yake aikin Laraba. Na kawo ruwa na koma bakin ƙofar madafa na zauna. Yaya ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi addu'a ga Inna, ya yi godiya ga Allah da abin ya tsaya a yatsu. Can ya ce, "Baba, mu dai so muke mu san mi ya kawo wanga abu. In kayan da anka sayar maka ne, mu san matakin ɗauka. In kuma wani abu ne daban, ka hwaɗa muna."

Na san Yaya. Da ya ji gaskiya, ba zai doke ni ba, ba zai ma zage ni ba. Zai dai dube ni, kuma shi da matarsa da 'ya'yansa za su riƙa dubana haka har in mutu, wadda ta cinye wa Baba yatsu da gyare-gyarenta. Na kuma san ɗaya ɓangaren. Da Baba ya ce danshi ne, ajiya ce aka canza, to hannunsa bai yi ƙarya ba, alkawarin da ya ɗauka bai faɗa kansa ba. Akwai maharbi a Kimba da yake harbi da yatsa uku, kowa ya san shi. Baba yana iya cewa a bar masa abarsa, kuma babu mai ja da shi.

Baba bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya.

"Ba laihin kowa ba ne," ya ce. "Hannuna ne. Ya daɗe yana rawa, ina ɓoye maku. Ban iya zaunar da ido daidai, shi ya sa suke ƙin tashi. Na ce randa ya yi mani ƙarya zan miƙa, to ga ranar ta zo."

Ya tashi da kansa ya shiga turaka, ya fito da bindigar a hannun hagu, da ledar takardarta. Ya miƙa wa Yaya. Yaya ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce Allah ya ƙara girma. Ƙannena suka ce amin. Ni ina zaune, tafin hannuna a kan gwiwa, ina kallon wata kaza tana tsattsagar ƙasa kusa da randa. Bakin nan nawa da ya kashe aure, ya ƙi buɗuwa.

Da la'asar suka tafi, bindigar a naɗe cikin buhun da muka kai ta Jega da shi. Gidan ya yi tsit. Baba ya koma ƙarƙashin dogon yaro ya zauna. Na daɗe a tsaye kafin na je na durƙusa a gabansa, kusa da hannun mai bandeji.

"Baba," na ce, "ni ce. Ni na sa shi a tukunya."

Ya dubi ƙofar ɗakin Inna, wannan karon bai kau da kai ba.

"Uwata," ya ce, "goro za ki ba ni. Ki ɓare mani shi, ban iyawa."

"Baba, ka ji abin da na ce?"

"Na ce ki ɓare mani goro."

Na tashi na shiga ɗakin. Na ɗaga tsumman, na zaɓi fari babba, na fito na ɓare shi biyu na sa masa a tafin hagu. Ya kai baki ya gutsura.

Shekara huɗu ya yi bayan haka, kuma maganar ba ta ƙara fitowa daga bakinsa ko nawa ba. Mutanen gari har yau in ana zancensa sai su ce maharbi ne na gaske, sai dai tsufa ya karya masa hannu a ƙarshe. Yaya ma haka yake faɗa wa 'ya'yansa. Ban koma Aliero ba sai bayan rasuwarsa. A shekarun nan huɗu ba wanda ya ƙara sallama a ƙofarmu don mugun dawa ko biri. Ranar Laraba da hantsi yakan fito da tabarma ya zauna a wurin nan, ba komai a gabansa, ni kuma ba na hura wuta sai ya tashi.